Giwa Da Gonar Talaka: Tarihin Wata Doguwar Gardama

Babu dabbar da Bahaushe ya girmama a bakinsa kamar giwa. In zai yi wa sarki kirari ya ce toron giwa, in zai kwatanta girman abu ya kawo giwa, har garuruwa da mutane ya sa wa sunanta. Yaro ma tun yana riƙe da allo ya san akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunanta. Amma ya kai mai karatu, tsaya ka ƙirga, a unguwarku mutum nawa ne suka taɓa ganin giwa da idonsu tana tafe a daji? Sunan ne ya rage a baki, dabbar kam ta yi nisa. Yadda aka yi ta yi nisan, da gardamar da aka shafe fiye da shekara 100 ana tafkawa a kanta, su nake so mu ɗan tattauna a wannan 'yar maƙala.

Da a ce gardamar tsakanin masu tausayi da marasa tausayi ce, ai da tuni an gama. Abin da ya sa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne kowane ɓangare tausayi yake iƙirari. Wani giwa guda ɗaya yake tausayi, ya ce rai ce, tana jin zafi, ba a taɓa ta. Wani garke da daji baki ɗaya yake tausayi, ya ce a salwantar da wasu don sauran su rayu. Akwai kuma mai tausayin manomin da gonarsa ke bakin daji, wanda garke ɗaya ke iya cinye masa wahalar shekara a dare ɗaya. Bari mu bi labarin tun daga tushe, mu ga inda kowannensu ya kai mu.

Zamanin haure

Tun kaka da kakanni mutane ke farautar giwa, amma da kibiya da mashi da rami, in an kashe ɗaya gari guda ya ci nama. Abin bai zama annoba ba sai a ƙarni na 19, lokacin da masana'antun Turai da Amurka suka buɗe baki. Da haure ake yin maɓallan fiyano, abin kiɗan nan na Turawa, da ƙwallayen wasan tebur irin na sinuka, da mataji, da ƙotar wuƙa. A jihar Connecticut ta Amurka akwai garin da har yau ake kira Ivoryton, wato garin haure, saboda masana'antar da ta raya shi. A nan yammacin Afirka kuwa ƙasa guda ce sukutum ta ci sunan, wato Kodebuwa, gaɓar hauren giwa.

Haure fa ba ya zuwa bakin teku da ƙafarsa. A gabashin Afirka ayarin 'yan kasuwar Zanzibar, irin su Tippu Tip, kan kutsa har cikin Kwango, su ɗora wa 'yan dako da bayi haure a ka, tafiyar watanni, kuma sau da yawa in an isa a sayar da hauren, a sayar da wanda ya ɗauko shi. Sarki Leopold na Beljiyam, da ya mallaki Kwango daga 1885 zuwa 1908, da haure ya fara tara dukiya kafin ya koma kan roba. Mu ma ba mu fita ba. Fataken Hausawa sun yi ta sayo haure daga ƙasar Adamawa, wani ya biyo ta Kano ya hau raƙuma zuwa Tarabulus tare da gashin jimina da fatu, wani ya gangara Binuwai ya shiga jiragen kamfanonin Turawa. Tun daga farko ke nan, wahalar giwa da wahalar talaka tare suke tafiya.

Mahautan da suka tuba

Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, giwa ta ɓace a yawancin ƙasar Afirka ta Kudu, sai 'yan tsiraru a lunguna. Su kansu Turawan da suka yi ɓarnar sai hankalinsu ya tashi, don tsoron kada a wayi gari babu abin harbi. A watan Mayun 1900 ƙasashen mulkin mallaka suka zauna a Landan, suka sa hannu kan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka. A ciki aka hana kashe 'ya'yan giwa, aka ce a ƙwace duk hauren da bai kai kilo 5 ba. Amma a wannan takarda dai aka jera zaki da damisa da kura da kada a sahun miyagun dabbobin da ya kamata a rage. Ka ga ke nan amfani ake dubawa, ba a ko kai ga maganar rai ba. Yarjejeniyar ma ba ta fara aiki ba, domin yawancin ƙasashen ba su tabbatar da ita ba. A 1903 wasu manyan Ingila suka kafa ƙungiyar kare namun dajin daularsu, da yake kuma da yawansu tsofaffin maharba ne, sai mutane suka laƙaba musu suna mahautan da suka tuba.

Tubar ma da sauranta. A 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya zo farauta gabashin Afirka, shi da ɗansa suka harbe dabbobi 512, ciki har da giwa 11, aka ce na gidan tarihi ne, duniya ta tafa musu. A daidai lokacin kuma ɗan ƙasa da ya ɗana tarko a bayan gonarsa ya zama ɓarawon daji. Bature in ya biya lasisi gwani ne, baƙar fata in ya bi sana'ar ubansa sai gidan yari.

Aka shiga shata gandayen daji: Kruger a Afirka ta Kudu a 1926, Tsavo a Kenya a 1948, Serengeti a Tanganyika a 1951, kuma a 1959 aka tashi makiyayan Masai daga filayen Serengeti. A Tsavo akwai wata ƙabila da ake kira Waliangulu, masu dogon baka da kibiya mai dafi, waɗanda gadonsu shi ne farautar giwa. Rana ɗaya doka ta mai da gadon laifi. A shekarun 1950 aka bi su ana kamawa ana ɗaurewa, gwanayen cikinsu kuma aka ɗauke su aikin bin sawun 'yan'uwansu. Babu wanda ya nemi shawararsu. Daga nan ƙiyayyar da talakan Afirka ya daɗe yana yi wa gandun daji ta samo asali.

Tsavo: harsashi ko yunwa?

Gandu ya yi aikinsa, har ya so ya wuce gona da iri. Giwa dabba ce mai wayo, da ta gane inda ba a harbi sai ta tattaru a can, ga shi kuma gonaki da garuruwa sun toshe tsofaffin hanyoyinta. Babbar giwa kan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace wajen kilo 150 a rana, ban da wanda take karyawa ta bari. Kafin ƙarshen shekarun 1960 giwayen yankin Tsavo sun haura 30,000, sun mai da sarƙaƙiya fili fetal, har kukoki masu ɗaruruwan shekaru sun fafake su sun kayar.

A nan masu tausayi biyu suka yi karon batta. Wani masanin dabbobi mai suna Richard Laws ya bincika gawarwakin giwa 300 da aka harbe, ya ce dajin ba zai ɗauke su ba, a rage wasu dubbai tun kafin yunwa ta rage su, ta kuma haɗa da karkanda da sauran dabbobi. Shugaban gandun Tsavo ta gabas, David Sheldrick, ya ce atafau, ba a kafa gandu don ya zama mahauta ba, a bar daji ya yi wa kansa magani. Hukuma ta goyi bayan Sheldrick, Laws ya ajiye aiki ya yi gaba.

Sai ga fari a 1970 da 1971. Giwaye suka taru a bakin kogin Galana, ga ruwa amma an cinye duk ganyen da ke kusa, uwa mai shayarwa kuwa ba ta iya yin nisa da ruwa. Suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, yawanci mata da 'ya'ya. Ƙidaya mafi ƙanƙanta ta ce kusan 6,000 ne suka mutu, wasu suka ce sun kai 9,000. Mutuwar yunwa kuwa ba ta rana ɗaya ba ce, makonni dabba ke yi tana ramewa, ɗa na bin uwa yana tsotson nonon da babu komai a ciki.

To, mai karatu, a tsakanin mutanen nan biyu wa ya fi tausayi? Magoya bayan Laws suka ce ga abin da muka faɗa, da harsashi ne ai da cikin minti ɗaya an gama, kuma da naman ya shiga cikin talakawa maimakon ungulu. Magoya bayan Sheldrick suka ce fari ya ɗauki raunana ya bar ƙarfafa, zaɓin da bindiga ba ta iya yi, kuma inda itace ya faɗi ciyawa ta fito, dabbobi masu cin ciyawa suka samu. Har yau masana ba su gama wannan shari'a ba. Abin da ba a musu a kai shi ne, hauren da ya zube a daji ya jawo masu tsintuwa, da tsintuwa ta ƙare aka koma harbi.

Marayun Kruger

Afirka ta Kudu ta bi ɗaya hanyar. Hukumar gandun Kruger ta yanke cewa giwa 7,000 ne daidai dajin, duk abin da ya ɗoru a kai a rage. Daga 1967 zuwa 1994 an kashe sama da 14,000. Jirgi mai saukar ungulu ke tattaro garke wuri guda, sannan a gama da su. Shekaru da dama ana fara harba musu wata allura mai kashe jiki wadda ba ta gusar da hankali, giwa na kwance tana ji tana gani, numfashi na ƙwace mata, kafin mai bindiga ya iso. Daga baya aka daina wannan. Akwai mahauta a cikin gandun, nama a yi kilishi da shi, wani a zuba a gwangwani, fata da haure a sayar, kuɗin su koma aikin gandu.

Dangi guda ake kashewa gaba ɗaya, domin an lura wadda ta tsira ba ta sake samun natsuwa. Ƙananan 'ya'ya kaɗai ake bari, don a sayar ko a kai wasu gandayen, kuma akan ɗaure ɗan a jikin gawar uwarsa kafin mota ta zo ɗaukarsa. Waɗanda suka yi haka, wallahi gani suke rahama suka yi.

Cikin marayun nan aka kai wasu gandun Pilanesberg, can dai a Afirka ta Kudu, a shekarun 1980. Suka tashi babu uwa babu babba. Da mazan suka tasa, sai haukan barbara ya kama su tun lokacinsa bai yi ba, ya kuma daɗe bai sake su ba. Aka fara tsintar gawar karkanda da huda a jiki. Tsakanin 1992 da 1997 samarin nan sun kashe karkanda fiye da 40, dabbar da ita ma fafutukar ceto ta ake. An harbe wasu daga cikinsu, abin bai tsaya ba. A 1998 aka kwaso manyan toron giwa guda 6 daga Kruger aka sake a cikinsu. Zaman manyan kawai ya sa haukan ya kwanta, kisan karkanda ya tsaya. Ashe giwa ma tana buƙatar tarbiyya! Masu lissafi sun ƙirga kawuna daidai, amma ba su san zumunci suke yankewa ba.

A wannan tsakani ilmi ya ƙaru. Tun 1972 wata mai bincike, Cynthia Moss, da abokan aikinta ke bin giwayen Amboseli a Kenya, kowace da sunanta. An san giwa na ɗaukar ciki wata 22, tana kai shekara 60 zuwa 70, tsohuwa ce ke jan garke, ita ta san inda ruwa yake ranar fari, kuma in suka iske ƙasusuwan 'yar'uwarsu sukan tsaya su yi ta shafawa da hannu. A Turai da Amurka kuma wata aƙida ta yi ƙarfi. A 1975 wani malamin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, ya fitar da littafi inda ya kafa hujja da jin zafi: duk halittar da ke jin zafi ba a yin biris da zafinta, mutum ce ko dabba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi suka matsa lamba, aka dakatar da kisan Kruger bayan 1994. Tun daga lokacin giwayen sun ninka fiye da sau biyu. Dajin bai mutu ba, ko da yake manyan itatuwa sun sha wuya. Hukumar ta kuma gano cewa rijiyoyin burtsatse da ta haƙa ko'ina su ne suka hana giwa yin ƙaura ta bar daji ya huta, sai ta shiga rufe su.

Wutar Nairobi

Yayin da kudu ke kukan yawa, gabas da tsakiyar Afirka ƙarewa suke. Farashin haure ya tashi a shekarun 1970, Japan na sassaƙa hatimi da shi, Hong Kong na dillanci, ga bindigogin yaƙi sun cika hannun mutane. A 1979 an ƙiyasta giwayen Afirka sun kai miliyan 1.3, a 1989 saura wajen 600,000. Kenya mai giwa 167,000 a 1973 ta koma wajen 16,000.

Ran 18 ga Yulin 1989 shugaba Daniel arap Moi ya tsaya a gandun dajin Nairobi gaban tulin haure tan 12, ya cinna masa wuta duniya na kallo. Shawarar Richard Leakey ce, sabon shugaban hukumar namun dajin ƙasar. Haure ba ya kama wuta da sauƙi, sai da aka yi masa wanka da mai. Dukiya ce ta wajen dala miliyan 3, a ƙasar da talaka ke neman na magani, amma manufar ita ce a nuna wa duniya haure ya daina zama haja. A watan Oktoban shekarar, a birnin Lausanne na Suwizalan, ƙasashen yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, suka haramta cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa, dokar ta fara aiki a Janairun 1990. Farashi ya faɗi, harbi ya ragu. Sai dai kar mu manta, a lokacin an ba masu gadin gandu a Kenya izinin harbe ɓarayin haure. Wanda ke faɗuwa a daji ɗan talaka ne da aka ba bindiga da 'yan kuɗi, babban dillali kuwa yana birni a cikin inuwa.

Zimbabuwe da Botsuwana da Afirka ta Kudu suka ce an hukunta su da laifin wasu, su da suka kula da giwayensu har suka yi yawa. A 1989 ɗin nan dai Zimbabuwe ta fara wani shiri mai suna CAMPFIRE, inda gunduma ke sayar wa attajirin maharbi daga waje izinin harbe giwa ƙalilan, kuɗin a gina aji ko ɗakin shan magani ko a sayi injin niƙa. Hujjarsu ita ce dabbar da ke kawo wa ƙauye kuɗi, ƙauye zai tsare ta, wadda ba ta kawo komai sai ɓarna kuwa, guba da tarko ne rabonta. Masu kare haƙƙin dabba suka ce wannan sayar da rai ne don nishaɗin mai kuɗi. Shirin ya yi amfani a wasu wurare, a wasu kuma kuɗin suka riƙa maƙalewa a ofis, abin da ke isa hannun mai gona bai taka kara ya karya ba.

Aka yi wa ƙasashen kudu sassauci sau biyu. A 1999 aka sayar wa Japan haure wajen tan 50 daga rumbunan gwamnati, a 2008 aka yi gwanjon tan 102 ga Sin da Japan. Daga 2010 zuwa 2012 an ƙiyasta an kashe giwa 100,000 a Afirka. Abin ya zo har maƙwabtanmu. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da bindigogi suka shiga gandun Bouba Ndjida a arewacin Kamaru, suka kashe ɗaruruwa cikin 'yan makonni. Gandun Zakouma na Chadi kuwa tun kafin nan ya zube, daga sama da 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010. Wasu masana suka ce gwanjon ne ya tada kasuwa, ya ba haram wurin ɓuya a cikin halal, wasu suka ce bunƙasar arzikin Sin ce. Kenya ta sake ƙona tan 105 a 2016, Sin kuma ta rufe kasuwar haurenta a ƙarshen 2017.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Yanzu bari mu koma kan mutumin da aka fi mantawa da shi a duk tarukan nan. Ka kwatanta manomi ya yi shara, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, ya ci bashin taki, dawa ta yi kai, saura mako biyu girbi. Garke ya shigo da daddare. Da asuba ko kara ɗaya babu a tsaye. In ya harbi giwar ɗauri ne, in ya ƙyale ta yunwa ce, gaba kura baya sayaki.

Botsuwana ce ta fi kowace ƙasa giwa a duniya, wajen 130,000. A 2014 shugaba Ian Khama ya hana farauta, Turai ta yi ta yabo. Mutanen ƙauyukan arewacin ƙasar suka ce giwa ta hana su noma, ta sa yara na tsoron hanyar makaranta, tana kuma kashe mutane. A 2019 magajinsa Mokgweetsi Masisi ya ɗage hanin. Da Jamus ta soma maganar tsaurara shigo da kayan farauta, a Afrilun 2024 sai ya ce zai aika mata giwa 20,000 kyauta, ta zauna da su ta ji yadda abin yake. An yi dariya, amma maganar akwai ƙashi a cikinta. A wannan shekara dai fari ya sa Namibiya ta ba da sanarwar kashe dabbobin daji 723, ciki har da giwa 83, Zimbabuwe kuma giwa 200, don a raba wa masu jin yunwa nama. Tambayar Tsavo ce ta dawo bayan shekara 50, kuma a wannan karon har da yunwar mutane a cikinta.

Mu fa a nan gida?

Abin da ya rage mana a arewa, mafi yawansa yana Yankari a jihar Bauchi, gandu mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, ya dawo wa jiha a 2006. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwa sama da 300. Cikin 'yan shekaru maharba suka yi musu ɓarna, ƙiyasi ya koma 100 zuwa 150. Daga 2014 ƙungiyar WCS ta haɗa hannu da gwamnatin jihar wajen sintiri, aka kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyukan kewaye su zama masu gadin giwa, su sanar in garke ya doso gona a kore shi tun bai shiga ba. Kisan ya lafa ƙwarai. A Borno kuma garken giwaye kan tsallako daga Kamaru zuwa yankin Kala Balge, su afka wa gonakin mutanen da rikici ya riga ya talauta. Abin kunya, ƙasar da giwayenta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ta zama mashigar hauren wasu ƙasashe zuwa Asiya. A Janairun 2024 sai da gwamnati ta niƙe tan 2.5 na hauren da aka kama, a Abuja.

Abin da na fahimta

Ni dai abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne, duk wanda ya riƙe tausayi ɗaya ya watsar da sauran, da zalunci yake ƙarewa. Wanda ya ce kar a taɓa ko ɗaya ya ga dubbai na mutuwar yunwa a bakin Galana. Wanda ya ce lamba kawai ya sani ya haifar da marayun Pilanesberg. Wanda ya manta da mai gona kuwa shi ya samar wa dillalin haure yaran aike.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Kowa ya ji labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. An hana mai da abu mai rai abin gwada saiti, an umarci mai yanka ya wasa wuƙa, kuma tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ake keɓe hima, wato filin da aka tsare don amfanin jama'a. Amma duk da haka an halatta kau da abin da ke cutar da mutane, kuma ran ɗan Adam yana gaba.

Saboda haka a ganina kashe giwa mai shekara 50 don a sassaƙa abin ado ba shi da wani uzuri, ko a kan wace doka. Kashe ta don larura kuwa sai in sauran dabaru sun ƙare, kuma a yi shi da gaggawa ba tare da azabtarwa ba. Dabarun suna nan. A bar mata hanyoyin ƙaurarta, kada a yanka su gonaki. A Kenya wata mai bincike, Lucy King, ta gwada kewaye gona da amya, domin giwa na tsoron ƙudan zuma, manomi ya tsira da hatsinsa ya kuma samu zuma. Babban abu dai shi ne biyan diyya. In giwa dukiyar duniya ce kamar yadda ake faɗa a taruka, to, duniya ta biya kuɗin abincinta, kada a bar wa mai gona ɗaya a bakin daji. Gwamnatin da ke karɓar kuɗin ƙofa daga 'yan yawon buɗe ido ita ma ta san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Kafin kuma mu zagi mai harbin giwa, mu ɗan duba jakin da muke labta wa kaya ga gyambo a baya, da kajin da muke ratayewa kai a ƙasa a kan babur cikin rana, da dajin da muke cinna wa wuta don gafiya ɗaya. Wanda bai tausaya wa dabbar ƙofar gidansa ba, da wuya ya san darajar ta daji. Allah ya sa jikokinmu su ga giwa da idonsu, kada su ji ta a kirari kawai, ya kuma kare wa manomi gonarsa. Allah ya sa mu dace, amin.